Notin Tayar Baffa Jauro

A duk ranakun da na yi ina riƙe da sifana, ban taɓa mantawa da ranar da noti guda ɗaya ya nemi ya tsinka ni a gaban jama'ar Ƙofar Wambai ba. Tun da yau ranar yaye ce, kuma shugaban ƙungiya ya ce kowane dattijo ya faɗa wa yaran da za a sallama wani abu, ni wannan labarin zan ba ku. Waɗanda suka taɓa ji su yi haƙuri su sake ji, ai ba kuɗi na karɓa ba.

Bari in fara yi wa iyayen yara bayani, don ba kowa ya san tsarin sana'armu ba. In yaro ya zo koyon gyaran babur, wankin kaya da miƙo sifana yake fara yi. In an ga hankalinsa, sai a bar shi ya taɓa sarƙa da birki da taya. Yakan daɗe kafin a yarda ya buɗe inji. Wanda ya buɗe inji ya mayar, babur ya tashi ba tare da ya bar ƙusa ko ɗaya a ƙasa ba, shi ake yayewa a fara kiransa oga. Ni a lokacin na daɗe da zama oga, ina da rumfata, kuma bakina bai da linzami. Nakan ce ba a ƙera notin da zai gagare ni ba, ni Ɗanlami.

Tsakiyar damina ce, cikin watan Agusta, da hantsi. Na aiki yarana su ɗauko wani babur da ya mace a hanya, saboda haka ni kaɗai ne a rumfa. Sai ga mutum biyu sun doso ni. Na gaba dattijo ne dogo siriri, da malfa da sanda a kafaɗa, yana tafe kamar ba abin da ya dame shi. Na baya matashi ne, yana turo wani tsohon babur, gumi ya jiƙa masa riga. Tayar baya ta yage, har tub ya leƙo.

Muka gaisa. Dattijon ya ce sunansa Jauro, rugarsu tana can bayan Gubi, sai an haye wani rafi. Babur ɗin nasa ne, amma matashin ne ke tuƙa shi in za su shigo gari. Na tambayi sunan matashin, sai dattijon ya kau da kai ya ce, “Yaron gidanmu ne.” Matashin kuma ya sunkuyar da kai. Nan na gane surukai ne, domin Bafulatani ba ya kama sunan mijin 'yarsa haka kawai. Daga baya na ji sunansa Hammadu.

Abin da ya kawo su gari ba ƙarami ba ne. Saniyar matar Hammadu, wato 'yar Baffa Jauro, ta ci ɗanyen ganyen dawa da asuba, cikinta ya kumbura. Sun yi mata na gida bai yi ba, shi ne suka taso suka sayo magani a wani shagon magungunan dabbobi kusa da Kasuwar Muda Lawal. Suna juyowa wani guntun ƙarfe ya farke musu taya. Maganin yana cikin leda a hannun Hammadu, ya riƙe shi gam. Ga kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma sun ce in aka yi ruwa rafin nan ba ya hayuwa sai washegari.

Na ce, “Baffa, zauna ga benci. Kafin ka gama cin goron da ke bakinka kun kama hanya.”

Da faci ne kawai, ba sai an cire taya ba. Amma wannan sai an sa sabuwa, dole a fitar da ita gaba ɗaya. Tayar baya kuwa tana zaune ne a kan wata sandar ƙarfe da ta ratsa tsakiyarta. Gefe ɗaya na sandar kai ne, ɗaya gefen kuma noti, sannan akan soka ɗan fin ta cikin notin don kada ya kwance a hanya. In notin bai fita ba, sanda ba ta zaruwa, taya ba ta fita. Na ɗora babur kan ƙafarsa ta tsakiya, na duba, na ga babu fin. Ban damu ba, rabin baburan ƙauye haka suke zuwa mana.

Na sa sifana na murɗa. Shiru. Na gyara tsayuwa na sake murɗawa, har jijiyar wuyana ta tashi. Ko gezau.

Na ce a raina tsatsa ce, mutanen da kullum suna cikin rafi. Na goge taɓon da ke kai sama-sama, na tsiyaya man birki da ɗan kananzir, na ba shi lokaci ya sha. Ku yara ku riƙe wannan: noti mai taurin kai ba a sa masa sifana mai buɗaɗɗen baki, sai mai zobe, wadda take kama shi ta kowane gefe. In ba haka ba za ka cinye masa kusurwa ya koma kamar kwabo, ka rasa inda za ka kama. Na sa mai zobe, na riƙe kan sandar ta ɗaya gefen da wata sifanar, na zura dogon bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi. Na danna. Na hau da ƙafa ɗaya. Na hau da ƙafa biyu, ni da tumbina duka. Babur ya ɗaga, noti yana nan inda yake.

Kafin ka ce me, mutane sun fara taruwa. Kun san halin unguwarmu, in mutum yana shan wahala ba ya rasa 'yan kallo. Mai shayi ya baro tukunyarsa, mai faci ya baro famfonsa, kowa da shawararsa. Wani ya ce in zuba lemon kwalba, wani ya ce in tofa masa addu'a. Mai shayi, wanda na daɗe ina cika wa baki, ya ce, “Oga Ɗanlami, ko dai yau an ƙera shi ne?” Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na yi kamar ban ji ba.

Na juya wajen masu babur na ce, “Baffa, an taɓa yi wa notin nan wani abu ne?”

Dattijon ya ɗaga kai yana kallon hadari. Hammadu ya duƙar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Can sai Baffa Jauro ya yi gyaran murya ya ce, “Ku dai mutanen birni, shinkafa ta kashe muku ƙarfi.” Aka kwashe da dariya, ni kuwa na ƙara ƙuluwa.

Na ɗauko guduma na riƙa bugun gefen notin a hankali, don girgiza takan farfasa tsatsa. Ina cikin haka wayar Hammadu ta yi ƙara. Ya duba, ya zabura ya zagaya bayan rumfa, don ba zai amsa wayar matarsa a gaban ubanta ba. Da ya dawo fuskarsa ta canza. Bai dubi surukin nasa ba, ni ya duba ya ce, “Oga, an ce ta kwanta.” Ko ni da ban taɓa kiwon komai ba sai kaji, na san in saniya mai kumburi ta kwanta, magana ta yi nisa. Baffa Jauro ya tofar da goron bakinsa, bai sake yin ba'a ba.

Na nemi wata dabara. Na tsayar da masu hayar babur biyu ko za su kai Hammadu da maganin, amma da suka ji inda za a je, suka dubi sama, suka ce ko nawa za a ba su ba za su ba. Keke mai ƙafa uku kuwa iyakarsa bakin kwalta. Nawa babur ɗin, kamar na kowane bakanike, injinsa yana cikin kwano tun watan jiya. Na yi tunanin in fasa notin da cizil, to amma in hannu ya goce aka ɓata zaren sandar, an gama, domin babur ɗin tsohon yayi ne, ba a samun sandarsa a shagunan kusa sai an aika wani gari. Saura wuta. Ita kuwa wuta ba ma gaggawar kai ta, saboda tana ƙona robar boris ɗin da ke cibiyar taya, tana iya taɓa birki, ga kuma fetur a kusa. Na yanke shawarar in ƙara zuba man birki in bar shi ya jiƙu sosai har bayan azahar, in ta kama har la'asar. Da na bi wannan shawarar, da labarin nan ba mai daɗi ba ne.

Aka kira salla. Baffa Jauro ya ɗauki buta ya yi gaba. Hammadu ya jira sai da ya ga ya yi nisa, sannan ya zo ya tsuguna kusa da ni a bayan rumfa inda nake alwala. Ya daɗe yana wasa da butarsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

“Oga, ina da tambaya. Ba a kan wannan babur ba.”

“Ina jin ka.”

“In da a ce wani mutum, a wata ruga can nesa, notinsa ya taɓa kwancewa a hanya har ya faɗi cikin ƙaya. Sai ya sayo gam ɗin nan mai haɗi biyu, wanda ake like tanki da shi, ya cika cikin notin, ya ɗaure, ya goge waje. Man birki zai kwance shi?”

Na tsaya da ruwa a hannu ina kallonsa. Na ce, “Ko shekara zai yi yana sha, ba zai kwance ba. Wannan mutumin na ruga mai nisa, yana da malfa?”

Hammadu ya rufe fuska da hannu. Ya ce, “Don Allah, Oga, ni ban ce komai ba. Kada ya ji. Wallahi gara ƙasa ta tsage in shige.”

Na so in yi masa faɗa, don tun hantsi nake zubar da gumi da mutunci a banza. Amma da na ga idonsa ya kawo ruwa, sai tausayinsa ya kama ni. Saniyar matarsa tana can kwance, maganinta yana hannunsa, ga maganar da za ta cece ta a bakinsa tun ɗazu, kunya ta hana shi furtawa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Ana sallamewa ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai na ji an taɓa ni da sanda. Baffa Jauro ne. Ya ja ni gefe, ya waiga hagu da dama, ya tabbata surukinsa ba ya kusa.

Ya ce, “Ɗana, a kasuwa na ji ana wani zance. Wai akwai wasu mutane, ba mu ba, da suke zuba gam a cikin noti. In aka samu irin wannan, yaya kuke yi da shi?”

Allah ne kaɗai ya riƙe mini dariyata. Na daure fuska na ce, “Ai Baffa, irin waɗannan mutanen suna da yawa. Wuta ake sa masa.”

“To, ko za ka gwada wutar? Ba don komai ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Yaron nan kuma ba sai ya ji zancen kasuwa ba.”

Ka ji fa. Kowannensu ya ba ni amana a kan ɗan'uwansa, alhali abu ɗaya suke ɓoyewa.

Ban tsaya wata-wata ba, na nufi rumfar Ba Modu mai walda. Babarbare ne, ya daɗe a Bauchi, yana da tukunyar gas wadda ba ruwanta da ko an kawo wuta ko an ɗauke. Matsalar ɗaya ce: duk unguwar ba mai bakinsa, kuma gam in ya ji wuta wari yake yi, ba ya ɓoyuwa. Na roƙe shi a hanya na ce, “Ba Modu, duk abin da hancinka ya ji, bakinka ya yi shiru.” Ya ce, “Na waye babur ɗin?” Na ce na wani dattijon Fulani ne. Sai na ga ya washe baki har kunne, na san na yi kuskuren faɗa. Kun dai san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ba sarki ba talaka.

Muka rufe makunnin mai, muka cire tanki muka kai shi nesa. Na jiƙa tsummoki na naɗe cibiyar tayar da wajen birki, na bar notin kaɗai a fili. Ba Modu ya kunna wutarsa ya rage mata harshe, ya riƙa zagaya notin da ita. Ba a so ya yi ja, so ake ya yi zafi kawai har abin da ke ciki ya saki. Ba a jima ba sai ga wani hayaƙi mai kauri yana fitowa, da wari mai hawa kai, wani baƙin abu yana tsatsowa ta bakin zaren.

Ba Modu ya shaƙa, ya kashe wuta, ya miƙe tsaye. Na yi masa ido, ya yi kamar bai gan ni ba.

Ya ce da ƙarfi, “La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ga aikin bawana! Kai Bafillace, wa ya ce maka babur ƙwarya ce da ake like ta? Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi!”

Na waiga in ga Hammadu, sai na hango bayansa, ya riga ya kai gindin wata bishiya can tsallaken titi, ya juya mana ƙeya, ya kafa waya a kunne. Na rantse muku wayar nan ba ta yi ƙara ba.

Baffa Jauro ya dubi inda surukinsa yake, ya ga ya yi nisan da za a ce bai ji ba. Sai ya gyara malfarsa, ya nuna Ba Modu da sanda, ya ce, “Kai, kaɗo mai zanen fuska! Ni na ɗaure abu, ƙartin birni sun taru tun safe sun kasa kwancewa, sai da aka kira bawana ya kawo wuta. To wa ya iya aiki, ni ko ku?”

Wurin ya kece da dariya, har da shi kansa. Maganar da ni ban isa in faɗa ba, surukinsa bai isa ba, shi ma bai iya ba, abokin wasa ya faɗe ta a bainar jama'a kuma ba wanda ya ji ciwo. Ni dai ban tsaya dariya ba, don noti da zafinsa ake murɗa shi. Na sa sifana mai zobe na danna da hannu ɗaya. Ya yi ƙara ƙiii, ya juya. Daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da aka yaye ni ban ji irinsa ba.

Sauran aiki ba wuya. Na zare sanda, na kankare zarenta da burushin waya, na shafa giris. Mai faci ya sa sabuwar taya da tub, na mayar, na daidaita sarƙa da birki, muka mayar da tanki. Na sa sabon noti, sannan na ɗauko fin na ɗaga shi sama yadda Baffa zai gani. Na ce, “Baffa, in ka koma kasuwa ka gaya wa mutanen nan, wannan ɗan ƙarfen shi ne maganin kwancewar noti.” Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce zai gaya musu. Na ƙara masa wasu ya zuba a aljihu.

Hammadu ya dawo daga wayarsa, fuska ba yabo ba fallasa, kamar bai san an yi komai ba. Ya tayar da babur, dattijo ya hau baya ya rungume ledar magani. Iska ta riga ta fara kaɗawa lokacin da suka bar Ƙofar Wambai. Ba su daɗe da tafiya ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na zauna a rumfa ina ta lissafin ko sun haye rafin ko ba su haye ba, ga shi ban karɓi lambar kowa ba. Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Sai bayan kusan mako biyu na ga Baffa Jauro, shi kaɗai, ya sauko daga keke da jarkar kindirmo. Ya ce sun haye rafin ruwa ya kai gwiwa, suna hayewa ya cika. Saniya ta tashi, wannan ma nononta ne, 'yarsa ta ce a kawo mini. Ya ware wani a ƙaramar roba ya ce in ba bawansa mai walda, kada yunwa ta kashe shi.

Ya zauna a benci ya ce, “Ɗana, saniyar nan jikar saniyar marigayiya uwar yarinyar ce. Ita kaɗai ta rage daga zuri'arta.” Ya murza sandarsa. “Ranar da na zuba gam ɗin nan, yaron nan ne ya riƙe mini babur. Ya sani sarai. Ya tsaya a nan tun safe, dukiyar matarsa tana mutuwa, bai buɗe baki ya kunyata ni ba. Na ware masa karsana a cikin shanuna, na ce wa mutane ladan tuƙi ce.”

Na buɗe baki zan ce ai ya gaya mini a bayan rumfa, sai na tuna amana, na rufe.

To yara, abin da na koya ke nan. Kananzir da bututu da guduma da wuta, duk za ku iya su, wasunku ma sun fi ni. Amma babur ba ya zuwa rumfa shi kaɗai, da mai shi yake zuwa, mai shi kuma da kunyarsa. Kafin ka hau kan sifana da ƙafa biyu, ja mutum gefe inda ba ɗansa, ba matarsa, ba surukinsa, ka tambaye shi a hankali me aka yi wa abin nan. In ya ce maka wani ne a wata ruga ya yi, ka ce haka ne, ka yi aikinka.

Baffa Jauro ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Hammadu har yanzu ni nake yi masa gyara, kuma har yau bai san dalilin karsanar nan ba, don dattijon ya ce kada in faɗa masa. Ku ma in kun ga wani dogo ya zo rumfata da tsohon babur, aljihunsa cike da fin, ku gaishe shi da kyau, ku kama bakinku.